Ciyar da kwikwiya bayan tiyatar hana haihuwa

Tiyatar hana haihuwa aiki ne da likitan dabbobi ke yi wa karya, inda yake cire ƙwayayen haihuwarta, galibi har da mahaifa. Ƙiba na daga cikin matsalolin da suka fi biyo bayan aikin. Idan an cire ƙwayayen, sinadarin istirojin yakan ragu a jiki, sai cin abinci ya ƙaru, alhali ƙarfin da jiki ke buƙata ya ragu da kimanin kashi 20 zuwa 30 cikin 100.

Kwanakin farko

A daren da aka yi aikin akan ba ta abinci kaɗan da ruwa, domin maganin sa barci yana iya tayar mata da zuciya. Ciwon yakan warke cikin kwana 10 zuwa 14, kuma a wannan lokaci ana hana ta gudu da tsalle.

Yawan abinci

Wahalar ita ce kwikwiya ba ta gama girma ba. Ƙasusuwanta na buƙatar furotin da kalsiyam daidai gwargwado, saboda haka ba a gaggauta mayar da ita kan abincin manyan karnuka don kawai an yi mata tiyata. Abin da ake ragewa shi ne yawan abincin, a hankali, bisa shawarar likita. Ƙananan jinsuna kan gama girma kafin su cika shekara, manya kuwa sukan kai wata 18 ko fiye. Auna abinci da sikeli ya fi auna shi da kofi, wanda kan yaudari ido. Ɗan abin marmarin da ake jefa mata tsakanin lokutan cin abinci bai kamata ya wuce kashi 10 cikin 100 na abincin yini ba. Nan ne masu kare da yawa suke kuskure, musamman a gidan da kowa ke miƙa mata ragowar tuwo ko shinkafa ba tare da sanin juna ba. Miya mai albasa ko tafarnuwa ma tana da illa, domin suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare.

Gane ƙiba

Likitoci na amfani da ma'aunin siffar jiki mai maki 9, inda 4 zuwa 5 ne daidai. Ya kamata a ji haƙarƙarinta da hannu ba tare da an danna ba, a kuma ga ƙugunta ya shiga idan an dube ta daga sama.

Wani bincike da aka wallafa a Amurka a shekarar 2002 ya bi rayuwar karnuka 48 jinsin Labrador. Waɗanda aka rage wa abinci da kashi 25 cikin 100 sun fi sauran daɗewa da kusan shekara biyu, kuma ciwon gaɓoɓi bai kama su da wuri ba.