Tarihin auna gundumomin makarantu a jihar Teksas: ilimi da kuɗi

A Amurka ba ma'aikatar ilimi ta ƙasa ke tafiyar da makarantun gwamnati ba, saɓanin abin da muka sani a Nijar. Kowane yanki na da gundumarsa ta makarantu, da kwamitin da jama'a ke zaɓa, kuma babban rabo na kuɗinta daga harajin gidaje da filaye yake fitowa. Jihar Teksas na da irin waɗannan gundumomi sama da 1,000. Abin da za mu duba a nan shi ne yadda auna su ya zame wa gwamnatin jiha hanyar karɓe iko daga hannun zaɓaɓɓu.

Asalin maganar rigimar kuɗi ce. A 1989 kotun ƙoli ta jihar, a shari'ar gundumar Edgewood, ta ce tsarin raba kuɗin makarantu ya saɓa wa tsarin mulkin jihar, saboda ratar da ke tsakanin gundumomi masu arziki da matalauta. Dokar 1993 ta tilasta wa masu arziki su ba da wani kaso na harajinsu, kuma ita ce ta kafa ma'aunin ilimi: sakamakon jarrabawar TAAS, da yawan ƴaran da ke barin karatu, da halartar aji. Abin yabo a cikinta shi ne an ware sakamakon baƙaƙen fata, da ƴan asalin Latin Amurka, da farare, da ƴaƴan talakawa, ta yadda gunduma ba ta iya fakewa da matsakaicin maki. George W. Bush, gwamnan jihar daga 1995 zuwa 2000, ya kai wannan tsari ga ƙasa duka a dokar da ya sa wa hannu a 2002.

Sai dai wasu alƙaluman daga hannun wanda ake aunawa suke fitowa. A 2003 binciken jiha a makarantu 16 na Houston ya gano cewa, cikin ɗalibai kimanin 5,500 da suka fita, fiye da rabi ya kamata a rubuta su cikin waɗanda suka bar karatu, amma ba a yi ba.

Ma'aunin kuɗi, mai suna FIRST, ya biyo baya da dokar 1999. Yana tambaya ko an miƙa rahoton binciken kuɗi a kan lokaci, ko ana biyan bashi, ko akwai ajiya, da nawa ofis ke ci. A ganinmu tsabtar lissafi kawai yake aunawa. Ba ya tambayar me kuɗin ya haifar a cikin aji, shi ya sa mafi yawan gundumomi ke samun daraja ta ƙoli.

Hukuncin kuwa mai tsanani ne. An rushe gundumar Wilmer-Hutchins a 2006, aka haɗe ta da Dallas. Haka North Forest a 2013, aka haɗe ta da Houston. Dokar 2015 ta ƙara tsauri: idan makaranta ɗaya tak ta faɗi shekara biyar a jere, dole a rufe ta ko a naɗa wa gundumar sabon kwamiti. Gundumar Houston ta samu darajar B a 2019, amma sakandaren Wheatley ta faɗi sau bakwai a jere. Bayan shari'ar shekaru, a watan Yuni na 2023 jiha ta sauke zaɓaɓɓen kwamitin, ta naɗa nata, tare da Mike Miles a matsayin shugaba.