Punch da Judy: Tarihin Wasan 'Yar Tsana na Bakin Tekun Birtaniya

Wasan Punch da Judy wasan 'yar tsana ne da ya shahara a garuruwan bakin teku na Birtaniya, inda iyalai kan tafi hutu a lokacin zafi. Ana yin sa ne a cikin wata siririyar rumfa mai tsawo, wadda aka saba lulluɓewa da yadi mai ratsin ja da fari. Mutum ɗaya ke shiga ya ɓuya, ya zura hannuwansa cikin 'yan tsana biyu, ya ɗaga su ta taga a saman rumfar, yara kuwa suna zaune a kan yashi suna kallo. Jarumin wasan shi ne Punch, mai doro da dogon hanci da ya lanƙwaso har yana neman taɓa haɓarsa, kullum da sanda a hannu. Judy matarsa ce.

Asalin Punch ɗan Italiya ne. A wasannin barkwanci na birnin Naples akwai wani ɗan wasa mai suna Pulcinella, bawan ciki kuma sarkin wayo, wanda masu yawon wasa suka bazu da shi cikin Turai. A Faransa ya zama Polichinelle, a Ingila aka taƙaita sunan ya koma Punch. Ya shigo Ingila ne a kan gaɓa, domin tun 1642 masu tsattsauran ra'ayin addini suka rufe gidajen wasan kwaikwayo, kuma ba a sake buɗe su sosai ba sai da aka maido da sarauta a 1660, zamanin Sarki Charles na Biyu. Ranar 9 ga Mayu, 1662, wani jami'in hukumar jiragen ruwan yaƙi mai suna Samuel Pepys ya rubuta a littafinsa na ajiye al'amuran yau da kullum cewa ya kalli wasan 'yar tsana na wani Ba'italiye a dandalin Covent Garden da ke Landan. Mai wasan shi ne Pietro Gimonde. Wannan rana ce masu sana'ar suka ɗauka a matsayin ranar haihuwar Punch.

A wancan zamani da zare ake sarrafa 'yan tsanar daga sama, abin da ke bukatar babban dandamali da ma'aikata da yawa. Wajen ƙarshen ƙarni na 18 aka koma ga irin wadda ake sa wa hannu. Wannan canji shi ya ceci wasan, kuma shi ya ba shi siffar da aka sani a yau. Kuɗin kafa shi ya ragu ƙwarai, tun da mutum ɗaya zai iya tura rumfarsa a kan amalanke daga wannan kwana zuwa waccan. Sannan da yake hannu biyu kawai mai wasa yake da su, 'yan tsana biyu ne kaɗai za su iya fitowa a lokaci guda. Punch yana zama a hannun dama daga farko har ƙarshe, sauran kuma suna zuwa ɗaya bayan ɗaya a hannun hagu, kowa ya sha sanda ya ba wa na baya wuri. Matar ma, wadda a da ake kira Joan, a wannan tsakani ta koma Judy.

Labarin da aka gada ba na yara ba ne. Judy ta bar wa Punch renon jariri, kukan ya ishe shi ya jefar da shi, ta dawo suka kaure da faɗa, ya kashe ta. Daga nan sai likita ya zo, ɗan doka ya zo, duk ya gama da su. Aka kai shi wurin rataya, ya yi kamar bai san yadda ake sa wuya a igiya ba, ya roƙi hauni ya nuna masa, hauni na zura kai sai ya ja igiyar. A ƙarshe har Shaiɗan ya zo ɗaukarsa, shi ma bai sha ba. Talakawan titunan Landan, waɗanda a zamaninsu ana rataye mutum a bainar jama'a kan ƙaramar sata, sun san abin da suke yi wa dariya. A 1828 aka buga rubutun wasan a karon farko: John Payne Collier ya rubuta shi daga wasan wani tsohon Ba'italiye, Giovanni Piccini, George Cruikshank kuma ya yi zane-zanen. Farin jinin Punch ya kai har wata mujallar barkwanci da aka kafa a 1841 ta ɗauki sunansa.

Jirgin ƙasa ne ya kai Punch bakin teku. Layin dogo ya isa Brighton a 1841, ya isa Blackpool a 1846, sai tafiyar da a da sai mai hali ta zama ta kowa. Masaƙun Lancashire kan rufe na mako guda a shekara, ma'aikata su ɗunguma Blackpool da iyalansu. Dokar ranakun hutu ta 1871 ta ƙara yawan masu zuwa. Inda jama'a suka taru da 'yan kuɗi a aljihu, can mai wasa ke kafa rumfa, kusa da masu jakunan haya da masu sayar da alewa. A garin Llandudno da ke Wales, Richard Codman ya fara wasa a 1860, zuriyarsa kuma suka riƙe sana'ar har zuwa wannan ƙarni.

Bakin teku ya sauya masu kallo, masu kallo kuma suka sauya wasan. Da yara suka zama mafi yawa, sai aka rage kisa aka ƙara wauta. Kada ya samu babban matsayi, yana lallaɓowa ya sace naman da aka ba Punch ajiya, har a wasanni da dama ya maye gurbin Shaiɗan. Akwai kuma Joey, ɗan barkwancin da aka raɗa wa sunan shahararren ɗan wasa Joseph Grimaldi, wanda shi kaɗai ke wasa da hankalin Punch ya tsira. Kare mai suna Toby a da kare ne na gaske da ke zama a bakin tagar, daga baya ya koma 'yar tsana. Hauni ya yi ta ɓacewa bayan an daina hukuncin kisa kan laifin kisan kai a Birtaniya a 1965.

Abin da bai canza ba shi ne muryar Punch. Ana fitar da ita da wani ɗan ƙaramin abu da ake kira suwazil, ƙarfe biyu da aka ɗaure da zaren auduga a tsakani. Mai wasa yana danna shi a ganɗa da harshe ya yi magana ta cikinsa, sai murya ta fito siririya mai tsiwa. Dole ya riƙa kawar da shi yana maidowa cikin ƙiftawar ido duk lokacin da wata 'yar tsana za ta amsa, kuma ana iya haɗiye shi bisa kuskure. Wannan ƙwarewa ce ta gaske, ita ce kuma ke raba gwani da ɗan koyo. Masu wasan suna kiran kansu Farfesa, kuma a al'ada suna da yaro mai zagayawa yana karɓar kuɗi, yana kuma maimaita maganar Punch don wanda bai ji ba.

Suka ba ta taɓa rabuwa da wasan ba. Tun 1849 marubuci Charles Dickens ya kare shi a wata wasiƙa, yana ganin wasa ne da ya wuce hankali ta yadda ba wanda zai ɗauke shi abin koyi. A yau ƙorafin ya fi karkata ga dukan mace da jefar da jariri, kuma ƙorafi ne mai tushe. Masu wasa da yawa sun gyara: Judy tana ramawa, jariri ba ya mutuwa. Amma wanda ya tsaya ga labarin kawai bai ga rabin abin ba, domin daɗin wasan yana wurin yaran da ke ihu suna gargaɗin Punch cewa kada na bayansa, suna musu da shi, suna tona masa asiri wurin ɗan doka. Ba kasafai yaro ke samun wurin da ake so ya ɗaga murya ya ƙaryata babba ba.

Daga shekarun 1960 jiragen sama masu araha suka fara kwashe masu hutu zuwa Sifaniya, garuruwan bakin tekun Birtaniya suka yi sanyi, rumfunan da ke kan yashi suka ragu. Kaɗan ne suka rage suna wasa duk lokacin zafi, kamar ta Weymouth. Yawancin masu sana'ar yanzu a makarantu da bukukuwan gari da shagalin ranar haihuwar yara suke samun abinci. Hukumar gidan waya ta Birtaniya ta fitar da kan sarki masu hoton 'yan tsanar a 2001, a 2012 kuma aka yi bikin cikar Punch shekara 350, inda masu wasa daga ƙasashe daban-daban suka hallara a Landan. Duk shekara a watan Mayu sukan taru a harabar cocin St Paul da ke Covent Garden, su kafa rumfunansu a jere, kowa ya yi nasa wasan.