Asalin Duhun Turancin Kotu da Ofis

Duk wanda ya taɓa riƙe takardar haya ko ta rancen banki da aka rubuta da Turanci ya san yadda jimla guda kan cinye rabin shafi, ma'ana kuma ta ƙi fitowa. Ɗalibai da dama kan ɗora laifin a kan ƙarancin karatunsu, alhali wannan duhu ya kusa shekara dubu, kuma mutanen Ingila su kansu sun daɗe suna kuka da shi.

Mafarin al'amarin shi ne shekarar 1066, sa'ad da William, mai mulkin Nomandi a arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi. Daga nan Faransanci ya zama harshen fada da kotu, Latin ya riƙe coci da kundin hukuma, Turanci kuwa ya koma bakin talaka. Sai abu guda ya samu suna biyu ko uku. Makiyayi na kiran dabbarsa cow ko sheep, amma da naman ya isa akushin basarake sai ya koma beef ko mutton. Haka nan ask da question da interrogate duk tambaya suke nufi: ta farko 'yar gida ce, ta biyu ta zo ta hanyar Faransanci, ta uku daga Latin. Gwargwadon nisan kalma daga bakin talaka, gwargwadon martabarta.

Lauyoyi sun ƙara wa lamarin nauyi. Don gudun jayayya a kan wace kalma ce ke da ƙarfin doka, sai suka riƙa jera biyu masu kusan ma'ana ɗaya, kamar will and testament a wasiyya, da goods and chattels a lissafin dukiya. A 1362 majalisar dokokin Ingila ta umarta a riƙa shari'a da Turanci, domin masu ƙara ba sa gane abin da ake faɗa a kansu. Sai dai da Faransanci aka rubuta dokar kanta, ta kuma bar kundin kotu cikin Latin, wanda bai koma Turanci ɗungurungum ba sai a 1733. Ga shi kuma ana biyan magatakardan kotu gwargwadon tsawon takarda, don haka jan zance ya zama hanyar cin abinci.

Masu neman gyara ba su yi shiru ba. Tun a 1553 Thomas Wilson ya soki masu cusa baƙin kalmomin Latin domin a ce sun yi karatu. A 1946 George Orwell ya nuna yadda 'yan siyasa ke ɓoye mugun aiki a bayan dogayen kalmomi. A 1948 Ernest Gowers ya wallafa littafin Plain Words bisa roƙon Baitulmalin Birtaniya, domin koya wa ma'aikatan gwamnati rubutu mai sauƙi. A 1979 Chrissie Maher ta yayyaga tarin takardun hukuma a dandalin majalisa a Landan, ta kafa ƙungiyar fafutukar sauƙaƙa Turanci. A 1999 kotunan Ingila suka maye gurbin plaintiff da claimant, a 2010 kuma Amurka ta yi dokar da ta wajabta wa hukumomin tarayya rubuta wa jama'a da harshen da za su gane.

Kotuna da ofisoshin Gana da Nijeriya da yankin Kamaru mai amfani da Turanci sun gaji tsohon salon a zamanin mulkin mallaka, kafin yawancin waɗannan gyare-gyare. Shi ya sa har yau ake iya cin karo da kalmar da aka yar a Landan tana nan daram a takardar Kumasi ko Bamenda. Ɗalibin da ya san wannan tarihi zai nemi mai aikatawa da aikin da ya yi a cikin doguwar jimla kafin ya sa hannu, idan kuma rubutu ya zo kansa zai zaɓi gajeriyar kalma ba tare da jin kunya ba.