Man Kaɗanya: Daga Ƙwaryar Kakanninmu Zuwa Kantunan Turai



A kasuwannin Kumasi da Nima ana sayar wa matanmu man shafawa daga Turai da tsada. Idan aka karanta jikin kwalbar, sai a tarar man kaɗanya ne jigonsa, wanda mu muka tashi muka iske a ƙwaryar kakanninmu.

Tarihin wannan mai ya girmi zangonninmu. Masu tonon kayan tarihi sun gano ɓawon ƙwallon kaɗanya a Kirikongo ta ƙasar Burkina Faso, abin da ya nuna ana sarrafa shi tun wajen shekara ta 100 Miladiyya. Ibn Baɗɗuɗa, da ya ratsa ƙasar Mali a 1352, ya ga ana fitar da mai daga wani ƙwallo, ana girki da shi, ana kunna fitila, ana shafawa a jiki. Malaman tarihi na ɗaukar kaɗanya yake nufi. Mungo Park ya ga itaciyar a ƙasar Bambara a 1796, har Turawa suka daɗe suna haɗa sunanta da nasa a littattafansu. A zamanin fataucin goro kuwa, man kaɗanya na cikin hajar kasuwar Salaga, inda ayarin kakanninmu ke sauka, daga nan ya gangara Asante, domin itaciyar ba ta yi a kurmi.

Aikin na mata ne tun asali. Da farkon damina su tsinto 'ya'yan da suka faɗo, a dafa ƙwallon, a shanya, a fasa, a daka, a soya, a niƙa, sannan a yi ta bugun ƙullin da hannu ana zuba ruwa har mai ya taso fari-fari. Da shi unguwarzoma ke murza jariri, da shi ake maganin faso da kaushin hunturu, da shi ake lallashin ƙaiƙayi da kumburi.

Binciken zamani ya zo ya faɗi dalili. Kitsen man yana rufe fata, ya hana danshinta tserewa cikin busasshiyar iska. Akwai kuma bitamin E da dangoginsa, waɗanda masana ke kira antiyoksidan, wato masu tare lahanin da iska da rana ke yi wa ƙwayoyin fata, tare da wasu sinadarai irin su lufiyol da aka ga suna rage kumburi a gwaji. Sai dai tacewar masana'anta, wadda ke kawar da warin man da launinsa, tana tafiya da wani kaso na waɗannan. Man da tsohuwa ta buga da hannunta a Tamale bai rasa su ba.

Tun da Tarayyar Turai ta amince a 2000 a sa kashi 5 cikin 100 na wasu mayuka, har da na kaɗanya, cikin cakulan, sai neman ƙwallon ya ƙaru. A 2011 aka kafa ƙungiyar Global Shea Alliance, hedikwatarta a Accra. Duk da haka matar da ke sunkuyo a daji da asuba, tana tsoron maciji, ita ce mai ƙaramin rabo.

Babbar damuwarmu ita ce itaciyar kanta. Kaɗanya kan yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, amma mai gawayi na kayar da ita a wuni guda, kuma a murhunmu na birni gawayin ke ƙarewa. Kakanninmu kan share gona su bar kaɗanya tsaye. Wajibinmu ne mu tambayi mai gawayi itacen da ya ƙona, mu sayi mai daga hannun masu bugunsa ba tare da mun karya musu farashi ba, mu kuma zaunar da 'ya'yanmu mata gaban tsofaffin da suka rage su koyi aikin.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bari. Wassalam.