Daga Java Zuwa Flutter: Yadda Muka Koyi Ƙera Manhajar Waya a Zariya

Duk manhajar da ke cikin wayarka wani ne ya zauna ya rubuta ta, kuma ba da hannu wofi ba. Galibi kamfanin da ya mallaki tsarin wayar ne ke fitar da ƙunshin kayan aiki da muke kira SDK. A ciki akwai abin da ke juya rubutunka ya koma manhaja, da wayar gwaji ta cikin kwamfuta, da hanyoyin taɓa kamara, lasifika da ma'ajiyar waya. Kamar akwatin kafinta yake: abin da aka zuba maka a ciki shi ke yanke irin kujerar da za ka iya haɗawa. Tarihin sana'armu a nan Hanwa tarihin waɗannan ƙunshi ne, da yadda suka riƙa isowa hannunmu.

Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, kuma shekarun da suka biyo baya na Nokia ne. Ƙunshin farko da yawancinmu muka sani shi ne Java ME na kamfanin Sun Microsystems. Manhajar lokacin ƙarama ce ƙwarai, ana tura ta daga waya zuwa waya ta Bluetooth. Opera Mini da 2go, da suka cika hannun matasa wajajen 2010, a kan wannan tsari suke gudana. Wahalarsa ita ce kowace waya da girman fuskarta da tsarin maɓallanta, sai abin da ya zauna daidai a wannan ya karkace a waccan. Amma ya koya mana tsimi, domin wanda ya yi wa waya mai ƙaramar ƙwaƙwalwa aiki ba ya ɓarnar wuri.

A 2008 abubuwa biyu suka faru a Amurka. Apple ya fitar da SDK na iPhone a watan Maris, Google kuma ya kawo Android ta farko a Satumba. Na Apple sai da kwamfutar Mac da dala 99 duk shekara. Na Google yana hawa kowace kwamfuta, kuɗin rajistar saka manhaja a kasuwa kuma dala 25 ne, sau ɗaya tak. Ga ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello mai haya a Hanwa da tsohuwar kwamfutar hannu, zaɓi ya riga ya yi kansa. Da wayoyin Tecno, Infinix da itel suka cika shagunan PZ, sai ya tabbata cewa jama'armu Android suka riƙe. Waɗanda suka zuba ƙarfinsu a BlackBerry ko Windows Phone kuwa, kasuwarsu ta watse suna ji suna gani.

Samun kayan aikin kansa yaƙi ne. Da Eclipse muka fara, kafin Android Studio ya kammala fitowa a Disamba 2014. Nauyin kayan ya fi ƙarfin datar ɗalibi, don haka idan mutum ɗaya ya samu intanet mai kyau a Samaru ya sauke, sai filashi ya zagaya ɗakuna har kowa ya kwafa. Wayar gwajin cikin kwamfuta takan daskarar da na'ura, sai mu jona wayarmu ta hannu da igiya mu gwada kai tsaye. Ga ɗauke wuta ana tsakiyar aiki. Wannan hali ne ya sa muka saba da koyo a ƙungiya: wanda ya warware matsala yau, gobe shi ne malamin sauran.

Daga nan sauyi ya riƙa zuwa a jere. Facebook ya fitar da React Native a 2015, Google ya karɓi harshen Kotlin a 2017, sannan Flutter ya fito a Disamba 2018, wanda ke ba ka damar rubutu ɗaya ya hau Android da iPhone. Cibiyar fasaha ta CoLab ta buɗe a Kaduna a 2016, tarukan masu amfani da kayan Google suka yawaita a jami'o'i, Paystack da Flutterwave kuma suka kawo nasu ƙunshin na karɓar kuɗi da naira a cikin manhaja.

Abin da muka gina da su namu ne: tafsirin malamai, tarjamar Alƙur'ani ta Sheikh Abubakar Gumi, littattafan Hausa, tsofaffin tambayoyin jarrabawar JAMB. A nan muka gane abin da babu SDK ɗin da zai koya maka. Mai sauraron karatu ba ya son manhajar da sai da data take buɗewa. Wayarsa cike take da hotuna, idan manhajarka ta yi nauyi ita zai fara gogewa. Sau da yawa ma ta manhajar Xender zai karɓa daga abokinsa. Sannan ga haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ, ɗ da ƙ, da tsofaffin wayoyi ke mayarwa akwatin banza, sai ka cusa salon rubutun da ya san su a cikin manhajar.

Har yau ƙofar ba a buɗe take duka ba. A 2022 bankuna da dama suka rage abin da katin naira zai saya a waje zuwa dala 20 a wata, ƙasa da kuɗin rajistar Google. Tun ƙarshen 2023 kuma, sabon mai rajista da sunan kansa sai ya tara masu gwaji sun yi mako biyu da manhajarsa kafin Google Play ya bari ta fita.

Ƙannenmu masu tasowa sukan tambaye ni wanne za su koya, Flutter ko Kotlin. Nakan ce su ɗauki wanda kwamfutarsu za ta iya ɗauka, su koye shi da kyau, su kuma sani cewa watarana za a sauya shi, kamar yadda aka sauya Java ME da Eclipse. Sai su je su karɓi wayar mai shago, da ta malamin Islamiyya, da ta inna a gida, su ga sauran wurin da ke ciki da irin datar da ake saya mata. Wanda ya san wannan, kowane ƙunshi aka miƙa masa zai fitar da abin da mutanenmu za su riƙe.