Akwatin volt 12 ya ƙi kamawa bayan an haɗa wayoyi: abin da za a duba kafin a ce ya mutu

A shagunan cajin salula, da butik-butik masu kyamarar tsaro, da bayan allunan talla masu fitilun LED a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, akwai wani ƙaramin akwatin ƙarfe mai huje-huje da ba a cika lura da shi ba. Masu gyara suna ce masa “alimantasiyo”. Aikinsa shi ne ya karɓi wutar gida, wadda NIGELEC ke kawowa a wajen volt 220 mai kai-komo, ya mayar da ita volt 12 mai bin hanya guda, irin ta batirin mota.

Akan sayo shi sabo fil, a ɗaura wayoyi, a ba shi wuta, ƴar fitilarsa koriya ta ƙi kamawa. Nan take mai shago zai ce ɗan kasuwa ya sayar masa da gawa, ɗan kasuwa kuma ya ce mai haɗawa ne ya ƙona masa kaya. Sau da yawa duka biyun sun yi kuskure. Akwatin lafiyarsa lau: ko dai wuta ba ta kai gare shi ba, ko kuma shi ne ya yanke kansa da gangan don kada ya ƙone.

Hattara tukuna

A cikin akwatin akwai manyan kondansatar da ke tara wuta fiye da volt 300, kuma suna iya riƙe ta na ɗan lokaci bayan an zare waya daga bango. Fitila a mace ba shaidar cewa babu wuta ba ce. Duk wani kwance sukurori ko sauya waya ana yinsa ne bayan an zare wutar an kuma ɗan jira. Buɗe murfin ƙarfen kuwa aikin mai gyara ne. Duk binciken da ke biye ana yinsa daga waje.

A fara da cire kaya

Matakin da ya fi kowane amfani shi ne wanda aka fi tsallakewa. A kwance duk wayoyin da ke kan +V da –V (a wasu akwatunan ana rubuta COM a madadin –V), a bar wayoyin wutar gida kaɗai, sannan a kunna. Idan fitilar ta kama, miltimetir kuma ya nuna wajen volt 12, magana ta ƙare a kan akwati. Laifin yana cikin abin da aka ɗora masa.

Dalili shi ne, yawancin waɗannan akwatuna suna da kariya. Idan wayar + da ta – suka haɗu, ko aka ja wutar da ta fi ƙarfinsu, sai su yanke, su sake gwadawa, su sake yankewa. Wani lokaci ana jin “tik, tik” a hankali, ko a ga fitilar tana ƙyaftawa. Wasu kuma in sun yanke ba sa dawowa sai an zare wutar an mayar. Silin waya guda da ya kuɓuce ya taɓa sukurun da ke kusa ya isa ya jawo haka. Haka ma juya + da – a kan kyamara ko wata na'ura: wasu na'urorin suna da kariyar da ke mayar da wannan kuskure tamkar haɗuwar waya, wasu kuma ƙonewa suke yi.

Sai a riƙa mayar da layukan ɗaya bayan ɗaya, ana kunnawa bayan kowane. Layin da ya kashe fitilar shi ne mai laifi.

Idan kowane layi shi kaɗai yana aiki amma in an haɗa su duka sai wuta ta ɗauke, lissafi ne bai yi ba. Akwati mai volt 12 da amper 10 wat 120 ke nan. Zaren fitilar LED irin 5050 mai ƙwayoyi 60 a mita yana cin wajen wat 14,4 a kowace mita, nadin mita 5 kuwa wat 72, wato amper 6. Nadi biyu sun kai amper 12, sun riga sun wuce abin da aka rubuta. Ga shi kuma ba hikima ba ce a cika wa akwatin kaya har wuya, musamman a zafin Afrilu da Mayu a shagon kwano. Barin rarar kashi ɗaya cikin biyar ya fi. Fanka da famfo da duk abin da ke da mota a ciki suna fizgar wuta ninkin-ba-ninkin a lokacin tashi, ko da alƙaluman da ke jikinsu ƙanana ne.

In ya ƙi kamawa ko ba kaya

To, sai a koma wajen shigar wuta. A juya miltimetir zuwa alamar V~, a sa shi a kan mizanin da ya haura 220, a auna kai tsaye a kan sukurorin L da N na akwatin, da kula kada yatsa ya taɓa ƙarfe. Auna soket ɗin bango bai wadatar ba, domin tsakanin bango da akwati akwai ralonj da kan waya da makunni, kowannensu na iya yankewa. Turnabis mai fitila shi ma yana ruɗi: yakan haska a kan faz ko da wayar netir ta tsinke, alhali sai da biyun akwatin ke aiki.

Kurakurai biyu ne suka fi yawa a nan. Na farko, sukuru ya danne robar waya maimakon tagullar. A ido ya ɗauru daram, amma ba abin da ke wucewa. Na biyu, an ɗaura netir a kan sukurun ƙasa, mai alamar layuka uku, domin yana maƙwabtaka da N. A ƙa'idar Faransa da masu aikin wuta da dama suka koya, shuɗiya ita ce netir, mai kore da rawaya ta ƙasa ce, faz kuwa ja ko ruwan ƙasa. Amma a gidajen da aka haɗa da wayar da ta samu, launi ba hujja ba ne, awo ne hujja.

Mafi muni shi ne a kai wutar 220 kan +V da –V. Wannan kam ba a cika tsira ba.

A gefen manyan akwatunan akwai wani ɗan makunni, galibi ja, mai rubutun 110/220 ko 115/230. A Nijar dole ya tsaya a kan 220 ko 230, kuma a duba shi kafin kunnawar farko. Idan yana kan 110 aka ba shi wutar gida, fizibil zai tashi, sau da yawa da ƙara da wari, kondansatar ma na iya tafiya. Ko yana daidai, irin wannan akwati yawanci yana son wutar da ba ta gaza 170 ko 180 ba. A unguwar da wuta ke raguwa da dare, ko a kan ƙaramin inji da kaya suka yi wa yawa, zai iya ƙin tashi. Masu rubutun 100–240 sun fi haƙuri da raunin wuta.

Shi kansa miltimetir a tuhume shi. Wajen fita ana aunawa ne a kan V mai miƙaƙƙen layi, a mizanin 20. In an bar shi a kan V~ ba zai nuna gaskiya ba. In kuma jar wayarsa tana cikin ramin 10A, ɗora shi a kan +V da –V haɗa waya ne kai tsaye, mai awon da kansa ne zai kashe akwatin.

Na kwamfuta daban yake

Masu cajin salula da masu gyaran rediyo kan ciro akwatin wutar tsohuwar kwamfutar tebur, irin ATX, don yana ba da volt 12 a wayoyi rawaya da volt 5 a jajaye. Shi wannan ba ya tashi don kawai an ba shi wuta. Sai an haɗa koriyar wayar babban kan da ɗaya daga cikin baƙaƙe. Kafin haka, wayar shunayya kaɗai ke da volt 5, kuma samunsu alama ce mai kyau. Wasu tsofaffin suna tashi su mutu nan take in ba a ɗora musu ɗan kaya ba. Ƙwan fitilar mota kan wadatar.

Akwati na aiki, kaya na barci

Akwai kuma inda fitila koriya ke ci, awo ya nuna 12, amma kyamarar da ke bakin ƙofa ba ta nuna komai. A auna a can ƙarshen waya alhali kayan na kunne. Wayar tagulla mai kaurin 1,5 da aka ja mita 20, zuwa da dawowa mita 40 ke nan, tana zubar da fiye da volt 2 idan amper 5 ke bi ta cikinta. Wayar sanholo mai rufin tagulla, wadda ta fi araha a kasuwa, ta fi haka asara. Ɗan sukurun da aka rubuta wa ADJ yana ƙara wajen volt ɗaya ne kawai, kuma yana ƙara wa na kusa da na nesa gaba ɗaya. Maganin shi ne waya mai kauri, ko a matso da akwatin.

Idan 220 na kan L da N, makunnin gefe na daidai, ba kaya, amma fita sifili, sai a kai wa mai gyara ko a mayar wa mai shago da waɗannan alƙaluma a hannu. Fizibil da gilashinsa ya yi baƙi yana nufin wani abu a bayansa ya ƙone, galibi diyod ko tiranzisto. Sabo zai sake tashi, naɗa masa silin waya kuwa hanyar gobara ce. Masu gyara na ƙwarai sukan sa ƙwan fitila mai zare, na wat 60 ko 100, a kan layin faz kafin su sake kunnawa: in ya haska ya dushe, an gyara; in ya tsaya da haske sosai, har yanzu akwai haɗuwa a ciki.