Ɗan Ƙarfen Da Ake Cirewa A Gareji: Tarihin Tamostat

A watan Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a ƙasar Gwandu, babu abin da ke tayar da hankalin direban da ke jigila tsakanin Masama, Kalgo da Birnin Kebbi kamar ya ga allurar zafin inji ta tashi. Maganin da aka saba yi a gareji sananne ne: makaniki ya kwance bututun saman lagireto, ya zaro wani ɗan ƙarfe mai kama da murfi, wato tamostat, ya ce ai don ƙasashen sanyi aka yi shi. Sai dai tarihin ƙarfen bai goyi bayan wannan hukunci ba.

Motocin farko ba su da shi. A yawancin Ford Model T, wadda ta fito a 1908, ruwa da kansa yake zagayawa: mai zafi ya hau lagireto, wanda ya huce ya koma inji. Idan sanyi ya tsananta a Turai da Amurka, sai direba ya rufe gaban mota da bargo don injin ya ɗumama. Daga nan aka ƙera marufi mai jerin siraran ƙarafa da ke buɗewa da rufewa a gaban lagireto. A shekarun 1920, direban Rolls-Royce da hannu yake sarrafa shi, yayin da kamfanin Pines na Chicago ke sayar da Winterfront, wanda zafi ke buɗewa da kansa.

Daga baya injiniyoyi suka ga tare ruwa ya fi tare iska sauƙi, sai suka dasa bawul a hanyarsa. Na farko wani ɗan gwangwani ne mai nannaɗe, cike da sinadari mai saurin tururi. A shekarun 1930 Sergius Vernet ya fito da mai amfani da kakin da ke kumbura idan ya narke, kuma shi ya yi rinjaye bayan da aka soma yi wa lagireto murfi mai riƙe matsi. Aikinsa ɗaya ne: ya tsare ruwa har inji ya kai kimanin digiri 80 zuwa 90, sannan ya buɗe. Daga nan sanyaya inji ya rage ga lagireto, fanka da famfon ruwa.

Da wannan tsari aka harhaɗa Peugeot 504 a masana'antar Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, motar da ta daɗe tana riƙe da tashoshin Arewa. Makanikan da suka riƙa cire ƙarfen suna da hujjarsu. Ruwan rijiya da ake ɗura wa lagireto yana kawo tsatsa, kuma idan tamostat ya maƙale a rufe, inji kan ƙone a tsakiyar daji. Wanda bai da tabbacin samun kayan gyara na gaske, cirewa ce ta fi masa kwanciyar hankali.

Amma gyaran gangar auzinawa ne. Toshewar lagireto ko lalacewar fanka tana nan yadda take. A wasu injina ma, cire shi kan bar wata gajeriyar hanya a buɗe, ruwa ya riƙa kauce wa lagireto. Da asubahin hunturu kuwa, injin da bai ɗumama ba yana saurin cinye sassansa, kuma a motocin zamani kwamfuta kan ƙara masa fetur muddin ta ji shi da sanyi. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, wannan asara ta zama abin lissafi ga kowane direba.

Marufin gaban lagireto ma ya dawo a sababbin motoci, yanzu kwamfuta ce ke buɗe shi don tsimin mai. Ga mai tsohuwar mota a Masama, shawarar ba ta da tsada: a wanke lagireto, a duba fanka, a mayar da tamostat mai kyau mazauninsa.